Mai Dabbare-Dabbare a Gindin Thumbi

A Chembe, tun rana ba ta gama wanke fuska a tabki ba,
Che Bwanali ya tura kwalekwale,
ni kuma na rungume akwatin ƙanƙara
kamar wadda aka ba riƙon jaririn wata.

Shekara hamsin yana cin abinci a ruwan nan.
Ya ce, "Tadala, kin je Zomba, kin haye teku,
ki dawo kina tambayar kifi ko namiji ne?
Juya cikinsa mana, zai gaya miki."

Na ce, Baba, ba nan tambayar take ba.
Wa ya yanke hukuncin nake nema,
kuma yaushe aka ɗora shi a kujera.

A jikinka tsohon alƙali ne,
zaren gado guda, masana suka ce masa Y.
Ya daɗe a zaune har ya motse.
Tun da ya daina musayar kaya da ɗan'uwansa
abin hannunsa ke zuba a hanya,
buhun gero da ɓera ya huda,
hatimi ya tsira da shi, sai 'yan tarkace.

Kifi bai san sarautar dindindin ba.
A wannan dangi zare kaza ne mai faɗa a ji,
zagaya bayan dutsen can, wani ne dabam.
Na sa su a madubi dare da rana,
tagwaye ne, ba tsaga, ba tabo,
ginin jiya, laka ba ta ko bushe ba.

A gindin Thumbi muka kashe inji.
Na nutsa. Mbuna na kiwo a jikin duwatsu,
mazan shuɗi shar, kowa na gadin 'yar farfajiyarsa.
Ita sai da ta motsa na gan ta:
ruwan goro da ɗigon baƙi,
kamar bangon da damina ta yi wa zane.

Wannan zanen shi ne ranta.
Mai farauta ya duba, dutse ya gani, ya wuce.
Amma sa wa ɗanta rigar nan ka ga tsiya:
ya share fili, ya yi rawa har ya gaji,
mata su gifta, ba su san shi ba.
Abu ɗaya, ga 'ya sutura, ga ɗa tonon asiri.

To sai zanen ya samu maƙwabci a kan zare,
sabon mai hukunci da ba ya cewa komai sai "mace."
Suka kulle ƙofa, suka hana raba gado,
daga uwa sai 'ya, daga 'ya sai jika.
Tsohon Y yana nan, bai mutu ba,
in sun haɗu a ƙwai ɗaya
yaron ne ke magana, tsoho ya yi shiru.

Che Bwanali ya daɗe yana kallon ta cikin bokiti.
Ya ce, "Gonar da nake nomawa ta matata ce,
ita ma daga uwarta.
Ni da tabarma kawai na zo garin nan.
Ashe kifin ma namu ne."

Na yanki ƙyallen fiffikenta, bai kai farce ba,
na jefa a kwalba, na rubuta ɗari biyu da sha huɗu.
Na buɗe hannu. Ta koma dutse.

Wata rana sabon nan ma zai tsufa,
buhunsa zai huje, wani zai taso.
Ba ni ba ganin ranar, ba kwalbata.

Ya ce iskar mwera na tafe, in rufe littafi.
Sau uku ya ja igiya kafin inji ya amsa.